Lasisin koyarwa: a ina ya kamata a rage wa malami wahala?

Malamar Aji Uku, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Tun shekaranjiya maganar nan take cina, na ce bari in kawo ta zaure. Ƙanwata ta gama NCE, wato shaidar koyarwa ta kwalejin ilimi, shekara biyu ke nan, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, amma har yau lasisinta bai shigo hannu ba. Kuma ba faɗuwa ta yi ba. Da farko makarantar da ta gama ce ta riƙe musu sakamako wata da watanni. Da ya fito, sai yaron kafe da ya cike mata fom ya rubuta sunan mahaifinmu Muhammad, alhali Mohammed ne a takardunta. Wannan kaɗai ya kai ta kotu neman takardar rantsuwa, kafin ta gama an rufe rajista, sai jiran zagaye na gaba. Duk wannan sintirin da goyo a bayanta take yinsa, kuɗin mota kuma daga albashin da ba ya kai ƙarshen wata.

Kada a fahimce ni baibai. Ni ba na cikin masu cewa a soke lasisi. Likita yana da nasa, nas tana da nata, injiniya ma haka, kuma wanda ake damƙa wa yara saba'in tun daga safe har azahar bai fi su ƙarancin amana ba. Abin da ke damuna hanyar ce. Ka gama kwaleji, ka jira sakamako, ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ka biya ta Remita, ka zauna jarrabawa a kwamfuta, ka jira satifiket, ka nemi lasisi, bayan shekara 3 ka sabunta. Ranar da za a ɗauke ka aiki kuma a sake cewa kawo waɗannan takardun dai daga farko, a sake yi maka wata jarrabawar. Kowace ƙofa tana neman abin da ƙofar baya ta riga ta karɓa. Tambayata ita ce, wane mataki ne za a iya cirewa ko a haɗe ba tare da an buɗe wa baragurbi hanya ba?

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam Anti. Ni dai in za a bi ta tawa, a cire jarrabawar gaba ɗaya. Digiri na yi a Fizis, shekara shida ina koyar da 'yan SS3, yarana suna cin WAEC. Sai a ce mini ni ba malami ba ne sai na koma na yi PGDE, wato difloma ta koyarwa bayan digiri, na shekara guda, sannan in zo in zauna wata jarrabawar? Mene ne amfanin digirin?

Tsohon Hedimasta, Zariya:
Ɗana na Kawo, sanin Fizis daban, sanin yaro daban. Shekara 35 na yi a aji da ofis kafin in yi ritaya, na ga masu digiri da allo kawai suke yi wa magana, sun juya wa yara baya har a kaɗa ƙararrawa. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai muka fito da Gired Tu, shekara biyar muka yi bayan firamare ana koya mana yadda ake riƙe alli, yadda ake raba allo, yadda ake jefa tambaya ga yaron da ya ɓuya a bencin baya. Lokacin koyarwar gwaji malaminka yana zaune a ƙarshen aji da biro, in ka ɓata darasi sai ka sake. Aka zo aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe waɗancan kwalejojin, ba mu ce komai ba domin ci gaba ne. Amma abin da aka yar a hanya shi ne idon da ke kallon malami yana koyarwa. PGDE ɗin da kake gudu, in an yi ta da gaske, ita ce za ta ba ka wannan. Ga NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, nan a Rigachikun kan hanyar Zariya, tun 1976 aka kafa ta domin malaman da ke bakin aiki, kana koyarwa kana karatunka a ƙarshen mako.

Ɗan Kawo:
Allah ya ƙara girma Baba, na ji. Amma kuɗin fa? Albashina na wata uku ba zai biya ba.

Tsohon Hedimasta, Zariya:
Wannan kuma kuka ne mai dalili, kuma shi ya kamata ka yi tun farko.

Lakcara a Kwalejin Ilimi:
Bari in ɗan saka tarihi, don wasu na ɗauka jiya aka ƙirƙiro abin. Dokar da ta kafa TRCN tun 1993 take, doka mai lamba 31 a zamanin soja. Shekaru da yawa rajista kawai ake yi, ka kawo takardunka a ba ka satifiket. A 2017 aka fara jarrabawar cancanta a kwamfuta. An kasa malamai gida huɗu: A masu digiri na uku, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE, kuma kuɗin kowane rukuni daban. Satifiket ɗin rajista sau ɗaya ake bayarwa, lasisi ne ake sabuntawa. Mutane da yawa suna rikita biyun, suna riƙe da satifiket suna zaton sun gama, alhali lasisin ya daɗe da mutuwa.

Game da tambayar Malama, amsata ita ce a mayar da komai cikin kwaleji. Ɗalibi yana shekarar ƙarshe, yana tare da mu, muna da ɗakin kwamfuta, muna da fayil ɗinsa. A nan ya kamata ya zauna jarrabawar, a rantsar da shi, ya fita da lambarsa. Wasu makarantu suna yin haka, amma ba duka ba, kuma ko a inda ake yi wanda ke da kwas ɗin da bai ci ba ko bai biya kuɗi a kan lokaci ba sai ya zame. Da zarar ɗalibi ya bar makaranta ya koma Kauru ko Birnin Gwari, dawo da shi ya zama aiki. Sannan kwaleji ta tura sakamako kai tsaye zuwa hukumar ta intanet. Ɗalibi ba masinja ba ne da zai riƙa yawo da ambulan tsakanin ofisoshin gwamnati biyu. In da haka ake yi da yaron kafe bai samu damar ɓata sunan kowa ba, don sunan zai fito ne daga lambar NIN.

Malamar Aji Uku, Rigasa:
Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sunan nan fa shi ne rabin matsalarmu a Arewa. Mutum ɗaya Abubakar a firamare, Abubakar Sadiq a sakandare, Garba a katin zaɓe. Mata kuma ga canjin suna bayan aure. A ɗaure komai a kan NIN sau ɗaya a huta.

Uban Yara, Tudun Wada:
Ku yi haƙuri malamai, ni ba malami ba ne, matata ce ta saka ni a zauren nan, yarana huɗu suna makarantar gwamnati. Duk lokacin da na ji ana cewa a sauƙaƙa, gabana faɗuwa yake. A 2017 a jihar nan ta Kaduna aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. Dukkansu ai da takardu suka shigo. Wasunsu ma da rajistar. To in takarda ba ta hana wannan ba, me zai faru in an ƙara sassauta ta?

Wakilin Ƙungiya, Kakuri:
Alhaji, maganar 2017 tana da kai da ƙafa, ba a ɗaukar ta da lamba ɗaya. Matsayin NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa, a lokacin shi ne hukumar da doka ta ba ikon auna cancantar malami ita ce TRCN, ba mai ɗaukar aiki ba. Kuma maki 75 ba shi ne ma'aunin cin jarrabawa a jami'a ko kwaleji ba. Shi ya sa aka tafi yajin aiki a Janairun 2018. Aka sallami mutane, aka ce za a ɗauki 25,000. A Yunin 2022 aka sake sallamar 2,357, mafi yawansu ba faɗuwa suka yi ba, ƙin zama wata sabuwar jarrabawar suka yi bisa umarnin ƙungiya, har da shugaban NUT na ƙasa a cikinsu. Ni abin da na ɗauka daga wannan duka shi ne, muddin jiha ba ta yarda da lasisin tarayya ba, malami zai ci gaba da zama jarrabawa biyu a kan aiki ɗaya, kullum kuma da fargaba a ransa.

Uban Yara, Tudun Wada:
To ai Malam sai lasisin ya zama abin yarda kafin a yarda da shi. Ɗana na aji biyar bai iya karanta wasiƙa ba. Wa zan kama?

Malamar Aji Uku, Rigasa:
Baban yara, wallahi tambayarka ta fi tawa nauyi, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Akwai waɗanda suka shigo aikin nan da takardar ɗan siyasa, mun zauna da su a ɗakin malamai, mun sani. Amma duba wani abu. Wahalar da ƙanwata ta sha, wace ce a ciki ta auna ko ta iya koyar da karatu? Layin kotu? Kuɗin mota? Jiran sakamako? Ko ɗaya. Wanda bai iya komai ba amma yana da kuɗi da ɗan uwa a ofis, wannan hanyar ba ta tsayar da shi, wani ne ma zai yi masa zirga-zirgar. Wadda take tsayarwa ita ce yarinya mai ƙoƙari da ba ta da kowa. Ni so nake a ɗauke nauyin daga ƙafar malami a ɗora shi a kan aikinsa. A tsaurara awo yadda ake so, in dai koyarwa ake aunawa.

Game da ɗanka kuma, ina da yara 84 a ajina. Ko lasisin zinariya aka ba ni ba zan iya sauraron karatun kowanne a rana ba. Wannan wata muhawarar ce, amma kada a ɗora wa lasisi abin da ba zai iya ɗauka ba.

Tsohon Hedimasta, Zariya:
'Yata, nan nake tare da ke ɗari bisa ɗari. Jarrabawar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu tana nuna wanda ya yi karatu, ba ta nuna wanda yara ke fahimta. Da ni ake tambaya, sabon malami lasisin wucin gadi za a ba shi ranar da ya gama kwaleji, ya shiga aji ba tare da jira ba. A haɗa shi da gogaggen malami shekara ɗaya. A zo a gan shi yana koyarwa sau uku, ba tare da an sanar da ranar ba, a duba tsarin darasinsa, a buɗe littattafan yara a ga ko ana gyara musu, a ɗauki yaro biyar a ce su yi karatu. In ya tsallake a ba shi cikakke. In bai tsallake ba a ƙara masa shekara da horo. In ya sake kasawa, ya nemi wata sana'ar tun da sauran ƙuruciyarsa, ba sai ya shekara ashirin yana da iyali a kore shi rana tsaka ba.

Wakilin Ƙungiya, Kakuri:
Baba, ranka ya daɗe, wa zai yi duban? In aka bar wa hedimasta shi kaɗai, malamar da ta ƙi masa abin da yake so ta shiga uku. In aka bar wa jami'in ƙaramar hukuma, sai a koma kawo kaza da buhun masara.

Tsohon Hedimasta, Zariya:
Mutum biyu, ɗaya daga wata ƙaramar hukumar, kuma a rubuta dalili, malami ya samu kwafi, yana da damar ɗaukaka ƙara. Ga tsofaffin malamai nan zaune a gida da sauran ƙarfinsu. Ba a rasa masu gaskiya ba, nemansu ne ba a yi.

Malamin Ƙauye, Kubau:
Salamu alaikum. Sai yanzu na samu sabis, na hau tudu ne. Duk na karanta. Ku da ke cikin gari kuna maganar intanet kamar ruwan famfo. Ranar da na je jarrabawar, tun jajibere na taho na kwana a wurin wani ɗan garinmu a Sabon Gari. A ɗakin jarrabawar dattijuwar da ke kusa da ni ta fi minti goma ba ta gane yadda ake matsa linzami ba, hannunta na rawa. Daga baya muka yi hira a waje, ta fi shekara ashirin tana koyar da 'yan aji ɗaya. Wannan baiwar Allah ba ilimi ta rasa ba. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ne, me zai hana a riƙa zagayawa da kwamfutocin, ko a ce kowace shiyya tana da cibiya, a kuma ba mutane kwana ɗaya na gwaji kafin ranar? Hanyar Birnin Gwari kowa ya san halin da aka shiga a kanta shekarun baya. Mutum ya sa ransa a hanya saboda jarrabawar da ba ta wuce zama ɗaya ba.

Lakcara a Kwalejin Ilimi:
Malam na Kubau, gaskiyarka. Sai dai a yi adalci, an fara motsi. A 2025 hukumar ta buɗe sabon shafi na rajista da sabunta lasisi, kuma an taƙaita fannonin jarrabawar daga 23 zuwa 5: lissafi na tushe, karatu da rubutu, sanin kwamfuta, dabarun koyarwa, da kare yara daga cutarwa. Ni na ƙarshen nan ya fi faranta mini, don mun daɗe muna yaye malamai ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu abin da za su yi in yarinya ta zo da alamar an ci zarafinta. Amma shafin intanet bai kai wa wanda ba shi da sabis komai ba, sai ma ya ƙara tura shi hannun masu kafe.

Hajiya Mai Makaranta, Unguwar Dosa:
Bari in faɗi ta ɓangarenmu, don kullum mu ake zagi. Ina da malamai 19. In mutum ya kawo mini satifiket, so nake in saka lambarsa a waya in ga hotonsa da sunansa da ranar da lasisinsa zai ƙare, cikin minti ɗaya. Na taɓa ɗaukar wani da takarda mai kyau har da hatimi, sai bayan zango biyu na gane ta yayansa ce. Na biyu, a rubuta mana a kan lasisin abin da mutum zai iya koyarwa. Wanda ya karanci renon ƙananan yara da wanda ya karanci Kemistiri duk kati iri ɗaya suke kawowa. Na uku kuma, wanda aka kora a wata makaranta saboda ya taɓa yarinya, ya kamata a soke lasisinsa kowa ya gani. Yanzu unguwa kawai yake canzawa.

Ɗan Kawo:
Hajiya, da girmamawa, in malamanki duka suka yi lasisi za ki ƙara musu albashi?

Hajiya Mai Makaranta, Unguwar Dosa:
Ɗana, ina biya wa duk wanda ya shekara biyu da ni rabin kuɗin rajistar, ina cire sauran a hankali. Ƙarin albashi kuwa daga kuɗin makaranta yake fitowa, iyayen yarana 'yan kasuwar bacci ne da masu Keke Napep. Kuma uku daga cikin waɗanda na taimaka wa, suna samun katin suka tafi. Ban riƙe su a zuci ba, amma ka san da zafi.

Wakilin Ƙungiya, Kakuri:
Tambayar Ɗan Kawo ita ce gindin maganar. An sa wa'adin 31 ga Disamba 2019, aka ce daga ranar duk wanda ba shi da rajista ya bar aji. Ranar ta zo ta wuce, ajujuwa suna nan cike da marasa rajista, domin in an kore su babu masu maye gurbinsu. Mutum ba ya gudun abin da zai amfane shi. Dubi yadda aka yi rububin takardun TRCN daga 2023 da Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman shaidar koyarwa a can, musamman masu lissafi da kimiyya. Ba wanda ya yi musu barazana. A ɗaura ƙarin girma da alawus a kan lasisi mai rai, a kuma cire kuɗin sabuntawa kaɗan-kaɗan daga albashi maimakon a nemi dunƙule. Dokar 2022 da ta kai ritayar malami shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki ta nuna ana iya yi wa malami abu na musamman in an so.

Malamin Larabci, Rigasa:
Allah ya gafarta malamai, kada a manta da mu. Wanda ya yi NCE ko digiri a Larabci, karatunsa duka da Larabci ya yi, da shi kuma yake koyarwa. Sai a zaunar da shi gaban tambayoyi da Turanci, ya faɗi, a ce bai cancanta ba. Haka malamin Hausa da ke riƙe da 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ga ofishin NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, a garin nan, sun san yadda ake shirya jarrabawa da Larabci. Ko fannin dabarun koyarwa kaɗai aka ba mu da harshen da muke aiki da shi, an rage zalunci.

Lakcara a Kwalejin Ilimi:
Ustaz, ina tare da kai a rabi. Rajistar aji, rahoton yaro, takardun ofis, duk da Turanci suke, dole malami ya iya gwargwado. Amma a raba awon biyu: wannan na Turancin aiki, wancan na sanin koyarwa. Kada raunin ɗaya ya binne ƙarfin ɗayan.

Malamar Aji Uku, Rigasa:
Akwai abin da ba mu taɓa ba, sabuntawa. An ce sai da shaidar horo na ci gaba. Bara sau biyu aka kira mu bita, ɗaya kan koyar da karatu da sautin haruffa, kuma wallahi na amfana, yarana da dama sun fara haɗa baƙi. Amma takardar halartar tana cikin jakata, ba ta shiga ko'ina ba. Me zai hana duk bitar da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko NTI suka shirya, sunan wanda ya halarta ya tafi kai tsaye kan lambarsa? Shekara 3 na cika, in makinka ya kai, saƙo kawai zai shigo wayarka.

Uban Yara, Tudun Wada:
Malama, in za a zo a ga malami yana koyarwa kamar yadda Baba ya ce, a kuma saurari karatun yaran, na janye rabin tsorona. Rabin da ya rage na masu duban ne. Kuma ina roƙo a bar kwamitin iyaye na makaranta ya ga sakamakon.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, maganar ta yi albarka, kada ta tsaya a waya. Malam Lakcara da Wakilin Ƙungiya, ku taimaka ku tsara abin da aka faɗa a shafi biyu, mu kai wa reshen ƙungiya na jiha. Wanda bai yarda da wani abu ba ya faɗa kafin Juma'a.

Ɗan Kawo:
Ni har yanzu ban yarda da shekara guda ta PGDE ga wanda ya shekara biyar a aji ba, a rubuta cewa a taƙaita masa. Amma ina da laftof biyu. Malam na Kubau, in akwai masu zama jarrabawar a wajenku da ba su saba da kwamfuta ba, su zo ranar Asabar in nuna musu, ba ko kwabo.

Hajiya Mai Makaranta, Unguwar Dosa:
Ku yi a makarantata, akwai sola da kwamfuta takwas. Daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Mata masu goyo su zo da yaransu, akwai ɗakin reno.

Malamin Ƙauye, Kubau:
Mutum huɗu ne a wajenmu, biyu mata. Motar farko tana tashi bayan asuba, in Allah ya yarda kafin 10 mun iso Kawo. Hajiya a turo mini kwatance ta akwatin sirri.